Sharhi a kan Yadda ake Koyar da Adon Maganar Ingilishi ga Ɗalibi Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan yadda littattafan da muke koyarwa da su a makarantun sakandare da kwalejojin ilimi suke gabatar da adon maganar Ingilishi ga ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko. Abin da nake nufi da adon magana shi ne jerin kalmomin da ba a gane ma'anarsu ta hanyar haɗa ma'anar kowace kalma ita kaɗai, kamar yadda Bahaushe yake cewa wane ya ci amana, alhali kuwa babu abin da ya shiga bakinsa. Da wannan suna ne Inuwa Dikko da Usman Macciɗo suka yi amfani a littafinsu, Ƙamus na Adon Maganar Hausa, wanda ya fito a 1991, ni ma shi zan bi.

Amma inda zan fi tsayawa shi ne wani reshe guda na adon maganar Ingilishi, watau irin aikatau ɗin nan da ake goya masa wata 'yar kalma a bayansa, kamar “up” ko “out” ko “off”, ta sauya masa ma'ana. Turawa suna kiransa “phrasal verb”, sunan da ya yaɗu daga littafin Logan Pearsall Smith mai suna Words and Idioms na 1925. A nan zan kira shi aikatau mai rakiya, ita kuwa 'yar kalmar da ke bin sa in kira ta 'yar rakiya. Su kansu masu harshen sun daɗe da sanin cewa nan ne gizo yake saƙa, domin tun 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin wannan gini shi ne ya fi ba baƙi wuya a Ingilishi.

Ra'ayin da zan kare shi ne cewa littattafan nan sun ɗauki ɗalibi Bahaushe tamkar ƙwarya wofi wadda za a cika da jerin kalmomi, alhali kuwa ya zo daga gida da wani tsari na nahawu wanda yake yin kusan irin aikin da 'yar rakiya take yi. Muna sa shi haddar abin da ya kamata ya gane, sa'an nan kuma abin da muke sa shi haddacewa ba shi ne zai fi bukata ba.

2.0 Littattafan da muka gada

Da wuya a sami malamin Ingilishi a wannan zaure wanda bai taɓa riƙe First Aid in English na Angus Maciver ba. Littafi ne mai albarka, ya kuma yi wa mutane da yawa rana. Sai dai ya kamata mu tuna cewa ya fara fitowa ne a ƙasar Sikotland a 1938, domin yaran da suka tashi da Ingilishi a bakinsu. Yaron da aka yi dominsa ya riga ya san “pick up” da “put on” da “go out” tun kafin a kai shi makaranta, kamar yadda ɗan Bahaushe ya san “ɗauko” da “shigo”. Abin da ya rage masa shi ne karin magana da kamance da maganganun azanci na manya, su ne kuwa littafin ya jera masa, kowanne da 'yar gajeruwar ma'anarsa. Da littafin ya ƙetaro zuwa ƙasarmu, sai muka karɓi jerin, muka manta cewa ɗalibinmu ba shi da harsashin da aka ɗora jerin a kai. Ya zama ana koya wa yaro ɗaurin rawani tun bai sa wando ba.

Littafin W. McMordie, English Idioms and How to Use Them, wanda ya fara fitowa a 1909, Jennifer Seidl kuma ta sabunta shi a 1978, shi domin baƙin harshe aka yi shi, yana kuma kawo misalai cikin jimla. Ta wannan fuska ya fi na farko amfani a gare mu. Ƙamusun A. P. Cowie da R. Mackin na 1975, watau juzu'i na farko na Oxford Dictionary of Current Idiomatic English, ya fi su duka zurfi, domin yana nuna irin ginin jimlar da kowane aikatau yake shiga. To amma ƙamus ƙamus ne, wurin duba abu ne, ba manhaja ba ce. Laifin da nake gani ya fi yawa ne a ƙananan littattafan share fagen jarrabawa da ake bugawa a nan gida, waɗanda suka kwashi tsarin ƙamus suka mai da shi darasi, suka kuma zubar da misalan domin rage yawan shafi.

Ga yadda darasin yakan kasance. A ɗauko aikatau guda, a ce “put”, a jero 'yan rakiyarsa bisa tsarin abacada, kowanne a ba shi fassara da kalma guda:

(1) put off: postpone
put on: wear
put out: extinguish
put up with: tolerate

Illa ta farko a fili take. Abubuwan da aka jera sun yi kama da juna a ido da kunne, amma ba abin da ya haɗa ma'anoninsu. Ɗalibi zai tuna cewa akwai “put” a ciki, zai kuma tuna ma'anonin nan huɗu, amma wace ce ta wace, sai canke. Duk wanda ya taɓa duba takardun ɗalibai mako biyu bayan irin wannan darasi ya ga an ɗage wuta an kashe taro.

Illa ta biyu ta fi ɓuya, ta kuma fi ɓarna. Kalmomin da ke hannun dama, irin su “postpone” da “extinguish” da “tolerate”, kalmomi ne da Ingilishi ya aro daga Latin, na rubutu da ofis. Idan aka ce wa ɗalibi wannan daidai yake da wancan, to shi mai hankali ne, zai riƙe guda ɗaya wadda ba ta da rikici, ya saki mai rikicin. Daga nan ne ake samun ɗalibin da zai ce wa abokin kwanansa ya yi “extinguish” ɗin fitila. Bai karya nahawu ba, amma ya yi kamar wanda ya ce wa ƙaninsa “ina umurtar ka da ka gusar da hasken fitila”. Kuma ma daidaiton da aka nuna masa ba cikakke ba ne. “Put on” aikin sa tufa ne a jiki, “wear” kuwa zama da ita ne a jiki, bambancin da Bahaushe yake yi tsakanin “ya sa riga” da “yana sanye da riga”. Da an ba shi Hausar, da ya rarrabe nan take.

Wannan ƙauracewa ba ɗalibanmu kaɗai suke yin ta ba. A 1985 Menachem Dagut da Batia Laufer sun nuna cewa ɗalibai masu jin Ibrananci sukan guje wa aikatau mai rakiya su zaɓi kalma guda, suka kuma danganta haka da rashin irin wannan gini a harshensu. Tambayar da ta shafe mu ita ce, shin Hausa ma ba ta da shi ne, ko kuwa mu ne ba mu nuna wa ɗalibi inda yake ba? Zan komo kan wannan.

3.0 Abin da ƙidaya ta nuna

Illa ta uku ita ce ta zaɓe. Marubutan littattafan nan suna da sha'awar adon magana mai ƙyalli, irin su “rain cats and dogs” da “kick the bucket” da “carry coals to Newcastle”. Na ƙarshen nan yakan ci wa malami rabin darasi, domin sai ya bayyana cewa Newcastle gari ne a Ingila da ya shahara da fitar da kwal, don haka kai masa kwal kamar mutum ya ɗauki goro ne ya kai Gwanja. Bayan duk wannan wahala, ita kanta mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe a wancan yanki an rufe ta tun 2005.

Da can ana iya yi wa marubuci uzuri, domin babu hanyar sanin abin da ya fi yawa a bakin mutane sai kintace. Tun da aka fara tara rubuce-rubuce da maganganu a kwamfuta ana ƙidaya su, wannan uzuri ya kau. Rosamund Moon, a littafinta na 1998, ta bincika taskar da ta ƙunshi kalmomi wajen miliyan 18, ta tarar mafi yawan irin waɗannan maganganu ba su kai fitowa sau ɗaya cikin kalma miliyan guda ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Dee Gardner da Mark Davies sun ƙidaya aikatau mai rakiya a 2007 cikin taskar Ingilishin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100. Sun tarar mai karatu zai ci karo da guda ɗaya a kusan kowace kalma 150, watau kamar biyu a shafin littafi. Sun kuma tarar guda 100 kacal su ne suka ɗauke fiye da rabin dukkan fitowar da aka ƙirga, a kan gaba kuwa akwai “go on” da “carry out” da “set up” da “pick up” da “go back”. Babu mai ƙyalli ko ɗaya a cikinsu. Wahalarsu ita ce kowanne yana ɗauke da ma'ana fiye da biyar idan aka yi raba-daidai. Ashe ke nan aikin da ke gaban malami ba tara ɗaruruwa ba ne, zurfafawa ne a cikin 'yan kaɗan.

4.0 Guzurin da Bahaushe ya zo da shi

Yanzu sai mu koma gida. A 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya karkasa aikatau na Hausa aji bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti. Duk ɗalibin Hausa a kwalejin ilimi ya san wannan tsari, wasu ma sun haddace shi kamar karatun allo. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne, abin da Hausa take yi da ɗafin ƙarshen aikatau, shi ne Ingilishi yake yi da 'yar rakiya. Hausa tana manne ma'anar a jikin kalma, Ingilishi yana ajiye ta a gefe, amma ma'anar tana yawan zama iri ɗaya.

Mu duba aji na huɗu, wanda yake nuna cewa aiki ya game abu duka, bai bar saura ba:

(2) Ya sha nono. He drank the milk.
Ya shanye nonon. He drank up the milk.
(3) Ya sayi gero. He bought millet.
Ya saye geron. He bought up the millet.
(4) Ta ci tuwo. She ate the food.
Ta cinye tuwon. She ate up the food.

Ɗalibin da aka koya wa cewa “up” sama take nufi, dole ya ruɗe idan ya ga “drink up”, domin nono ƙasa yake gangarawa. Littafi zai ce masa adon magana ne, haddace. Amma idan aka ce masa wannan “up” ita ce bambancin “sha” da “shanye”, to an ba shi mabuɗi, ba kalma ɗaya ba. Da kansa zai buɗe “use up” da “burn up” da “dry up” da “fill up” da “lock up” da “tie up”, domin ya san ƙarewa da ƙonewa da bushewa da cikewa da kullewa da ɗaurewa. Zai kuma gane abin da ya sa ba a cewa mutum ya yi “drink up” na rabin ƙwarya, domin shi ma ba ya cewa ya shanye rabi ya bar rabi sai da wani ƙarin bayani.

Har ila yau aji na huɗu yana da wata ma'ana ta rabuwa, watau abu ya bar jikin wani abu, kamar a “cire” da “ɓalle” da “tsinke” da “goge” da “kakkaɓe”. Wannan kuwa ita ce babbar ma'anar “off” a “take off” da “break off” da “wipe off” da “shake off”. Daga rabuwa ta zahiri ba wuya a taka zuwa ta azanci. Jirgin da ya yi “take off” ya rabu da ƙasa. Taron da aka yi “put off” an janye shi daga ranarsa, abin da Bahaushe ya kira ɗagewa, ita ma kuwa aji na huɗu ce daga “ɗaga”. Wannan dacewa ta ƙarshe takan ba ɗalibai mamaki, ni kuma ina ganin mamaki a aji ya fi hadda daɗewa a zuciya.

Aji na biyar shi ne Parsons ya ɗauka na sa wani yin aiki ne, amma Paul Newman ya nuna a 1983 cewa ainihin ma'anarsa ita ce kawar da abu daga wurin mai aikin. Idan aka karɓi ra'ayin Newman, wanda ni shi na fi gamsuwa da shi, to dangantakarsa da “away” da “out” ta fito:

(5) Ya jefa dutse. He threw a stone.
Ya jefar da dutsen. He threw the stone away.
(6) Ta zuba ruwa a tulu. She poured water into the pot.
Ta zubar da ruwan. She poured the water away.

Haka “bayar” take da “give away”, “fitar” take da “take out”. Sai kuma aji na shida, mai nuna aiki ya nufo wajen mai magana. A nan Hausa ta fi Ingilishi tsari, domin “fita” da “fito”, “shiga” da “shigo”, “koma” da “komo” duk ɗafi guda ne ya raba su, alhali Bature sai ya sauya aikatau ɗin kansa, ya ce “go out” da “come out”, “go in” da “come in”, “go back” da “come back”. Ɗalibin da ya jera “fita, fito, fitar, fice” a allo ya kuma nemo Ingilishin kowanne, ya yi nazarin aikatau mai rakiya fiye da wanda ya haddace shafi uku.

Bayan tsarin aji, akwai hanya ta biyu da Hausa ta shirya ɗalibinta. Ingilishi yana da 'yan aikatau kaɗan masu ɗaukar kaya da yawa, irin su “get” da “take” da “put” da “make”. Hausa ma haka. Mu dubi “ci” kaɗai: cin kasuwa, cin bashi, cin sarauta, cin jarrabawa, cin mutunci, cin fuska, cin gaba. Ko “sha”: shan iska, shan wuya, shan kashi, shan alwashi, shan kai. Ko “sa”: sa ido, sa baki, sa hannu, sa rana, sa kai. Baturen da ya zo koyon Hausa yana kuka da “ci” kamar yadda ɗalibinmu yake kuka da “get”. Na lura idan aka fara darasi da tambayar ɗalibai su bayyana wa baƙo bambancin sa baki da cika baki da ba da baki, sai su gane da kansu cewa ba a koyon irin wannan abu daga jeri, sai daga ganin wa ya faɗa, ga wa, a kan me. Daga nan tsoron na Ingilishin yakan ragu, domin sun ga ba wani sihiri ba ne na Turawa, hali ne na harshe.

Tsara darasi bisa 'yar rakiya maimakon bisa aikatau ba sabon abu ba ne. Littafin Brygida Rudzka-Ostyn na 2003, Word Power, haka aka gina shi, kowace 'yar rakiya da babinta, daga ma'anarta ta zahiri zuwa ta azanci. Abin da ya rage namu ne, watau haɗa wannan da nahawun Hausa, domin ba marubucin da ke Turai da zai yi mana. Abin takaici shi ne a kwalejojinmu akwai ɗalibai masu haɗa Hausa da Ingilishi, suna koyon ajujuwan Parsons da safe a wani sashe, su haddace jerin “put” da rana a wani sashe, ba wanda ya ce musu darasi ɗaya ne.

4.1 Inda kwatancin ya tsaya

Kada a ɗauka ina cewa kowace “up” aji na huɗu ce. Akwai aikatau masu rakiya da ma'anarsu ta yi nisa da asalinta har ba a hango hanya, kamar “put up with” da “take after”, da kuma “make up” wanda yake nufin ƙaga labari, da shiryawa bayan faɗa, da kwalliyar fuska. Waɗannan sai a koye su ɗaya ɗaya cikin jimla, kamar yadda ba wanda zai gano ma'anar “kashe ahu” daga sanin “kashe”. Haka kuma akwai aikatau na Hausa da yawa da siffarsu ta aji na huɗu ce amma Ingilishinsu ba ya bukatar rakiya, kamar “gane” da “buɗe”. Malamin da ya mai da kwatancin doka zai haifar da sabon kuskure.

Akwai kuma gargaɗi daga binciken Jan Hulstijn da Elaine Marchena na 1989 a kan ɗaliban ƙasar Holan. Harshensu yana da gini irin na Ingilishi sosai, duk da haka an ga suna guje wa wasu aikatau masu rakiya saboda sun yi kama da na harshensu ƙwarai, suna zargin ko fassara ce suke yi kai tsaye. Ɗalibinmu ma yana da wannan zargi, mu ne kuwa muka dasa masa shi da yawan cewa kada ya yi tunani da Hausa. Saboda haka aikin malami biyu ne, ya nuna inda aka dace, ya kuma nuna inda aka saɓa. Alal misali “bring up a matter” da “ta da magana” sun dace, “break” da “fast” da suka haɗu suka ba da sunan abincin safe sun yi kusa da karya kumallo, amma wanda ya mai da shan iska ko cin kasuwa Ingilishi kalma da kalma ya shiga daji.

5.0 Mazaunin wakilin suna

Akwai ƙa'ida guda wadda jerin kalmomi ba ya iya koyarwa ko kaɗan, ƙananan littattafan nan kuwa ba su cika kula ta ba. Idan karɓau suna ne, ana iya cewa “turn off the radio” ko “turn the radio off”. Idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya, a ce “turn it off”, ba a cewa “turn off it”. Amma a “look after the child” ba a raba su ko kaɗan, sai “look after him”. Dalili shi ne “after” a nan ba 'yar rakiyar aikatau ba ce, jagorar sunan da ke bin ta ce. Littafin da ya zuba “turn off” da “look after” a jeri ɗaya ba tare da alama ba, ya ɓoye wa ɗalibi rabin abin da yake bukata. Cowie da Mackin sun ba kowane gini lambarsa domin wannan dalili, masu kwafa daga gare su ne suka yar da lambobin. Shi kuwa Bahaushe ba baƙo ba ne ga ra'ayin cewa wakilin suna yana sauya gini, tun da yana cewa “ya sayi doki” amma “ya saye shi”, yana cewa “ya sayar da shi” ko “ya saishe shi”. Minti biyar na wannan kwatanci ya isa ya sa ɗalibi ya fara tambayar kowane sabon aikatau ina “it” take zama.

6.0 Jarrabawa da Ingilishin gida

Za a iya ce mini marubutan nan ba su da laifi, jarrabawa suke bi. Akwai gaskiya a ciki. A takardar zaɓi-ɗaya ta WAEC da ta JAMB akan ba da jimla mai adon magana a ce ɗalibi ya zaɓi ma'anarta cikin amsoshin da aka jera. Wannan yana auna ganewa, ba ya auna iya amfani, kuma ana iya cin sa da hadda. Amma shi wannan ɗalibi zai rubuta insha'i, a nan ne kuwa haddar take tona masa asiri. Sai ka ga wasiƙar neman aiki an cusa mata karin magana uku da kamance biyu, kamar amaryar da ta sa duk kayan lefenta rana ɗaya, amma an kasa cewa “fill in the form” ko “turn down the offer”. Laifin ba na yaron ba ne, abin da aka nuna masa shi ne gwaninta, shi ya kawo.

Daga ƙarshe akwai batun da littattafan nan suke wucewa da jan biro kawai, watau siffofin da Ingilishin Nijeriya ya ƙirƙiro. David Jowitt ya tattara da yawa daga cikinsu a Nigerian English Usage na 1991. A ganina ba duka ne abu ɗaya ba. “Cope up with” da “voice out” ƙari ne na 'yar rakiya inda Bature bai sa ba, watakila bisa kwaikwayon “put up with” da “speak out”. Wannan yana nuna cewa ɗalibi ya fara jin aikin 'yar rakiya, har yana gwada ta, sai dai a nuna masa iyaka. “Round up” a maimakon “round off” kuwa yana iya kawo rashin fahimta, domin na farkon a wurin Bature tattaro mutane ne ko dabbobi, kamar yadda 'yan sanda suke yi wa ɓarayi, don haka shugaban taron da ya ce zai yi “round up” ya faɗi abin da bai nufa ba. Sai kuma irin su “take in” da ma'anar ɗaukar ciki, da “put to bed” da ma'anar haihuwa, da “rub minds” da ma'anar yin shawara. Waɗannan adon magana ne sosai, nan aka haife su, biyun ƙarshe ma ƙamusun Oxford babba ya shigar da su a watan Janairu na 2020 cikin kalmomin Ingilishin Nijeriya, tare da kalmar Kannywood. Malamin da zai soke “put to bed” a takardar ɗalibi ya kamata ya iya gaya masa cewa a Kano da Legas za a fahimce shi, a Landan kuwa za a ɗauka an kwantar da yaro barci ne, sa'an nan ya bar shi ya duba wanda yake rubuta wa.